Minti Huɗun da Baba Ya Kankare

Litinin, 12 ga Afrilu, 1999

Ɓeraye ne suka hawar da ni ɗakin majigi yau. In ba don su ba, ba abin da zai sa in taka tsanin nan da wannan gwiwar tawa. Shekara goma ke nan da na rufe sinimar Baba. Ƙasa ta koma wurin ajiyar masara, sama kuwa na bar wa gizo-gizo. A bayan tsohon injin na tarar da gwangwanayen fim guda tara, an naɗe su da buhu, an ɗaure da igiya irin ɗaurin Baba. Na buɗe na farko na ɗaga a hasken taga. Malafa mai faɗi, gashin baki, haƙora reras. Rosendo Arriaga, mawaƙin finafinan nan. Ko a nan ma bai ƙyale ni ba.

Fim ɗin da aka ɗauka a garin nan ne shekara hamsin da suka wuce, wanda ake cewa ya ƙone tare da ma'ajiyarsa a babban birni, ba sauran ko kwafi ɗaya. Baba ya ce mana ya mayar wa masu shi tun tuni. Ashe a bayan injinsa yake kwance.

Ban gaya wa kowa ba. Chole mai yi mini wanki kawai na gaya wa.

Talata, 13 ga Afrilu

Gari duk ya ji.

Alhamis, 15 ga Afrilu

Ƙofata ba ta huta ba, kowa da labarinsa. Mai aski ya ce a kujerarsa Rosendo ya zauna, alhali a lokacin ko ubansa bai buɗe shagon ba. Matar mai kantin magani ta ce ya nemi auren goggonta. In aka haɗa duk gidajen da suka ce ya ci abinci a cikinsu a sati ukun da ya yi a Santa Rita, to sau goma sha biyu yake ci a rana.

Ni dai abin da kowa ya sani na sani. Ɗan mai alfadarai ne, a tashar jirgin ƙasa ya fara waƙa ba ko takalmi. Ya yi fim talatin da takwas, waƙoƙi sun fi ɗari uku, doki ya kayar da shi ya mutu yana ɗan arba'in da ɗaya. Ranar jana'izarsa mata suka yi ta suma a titi. Har yau hotonsa na rataye a kowane shagon aski da kowace motar haya, kusa da na Budurwa Maryamu. Duk wanda ya sha ya yi tatil, muryarsa yake ara. Na haska finafinansa ta 'yar tagar nan sau ba adadi, na san inda zai ɗaga gira tun kafin ya ɗaga. Ban taɓa sonsa ba. Baba yakan ce murya ce irin ta mai tallan tukwane, ni ma haka nake cewa.

Magajin gari ya zo da rana, malafa a hannu, baki kamar zuma. Yana so a nuna fim ɗin a dandali ranar bikin waliyya Rita, 22 ga Mayu. Na ce a nuna. Ba don Rosendo ba. An ce Mama tana ciki, ni kuma ban taɓa gani ba. Ƙyanda ce ta kwantar da ni lokacin da ake ɗauka, ina 'yar shekara shida, da fim ɗin ya zo kuma Baba ya ce ba na yara ba ne.

Laraba, 21 ga Afrilu

Mutumin ma'ajiyar finafinai ya iso daga babban birni. Ovando sunansa, mai sanƙo, da farar safar hannu, yana ɗaga gwangwani kamar jariri. Na yi niyyar raina shi, amma na ga ya san aiki. Ya kafa ƙaramin injinsa a teburin cin abincina muka kalla mu biyu.

Labarin dai na banza ne kamar sauran: an ƙwace gona, an saci yarinya, an harba bindiga. Amma garinmu ne. Ga ƙofar coci tun kafin a sake ta, ga rijiyar da aka cike. A gwangwani na bakwai sai ga kasuwa a ƙarƙashin babban itacen nan da aradu ta faɗa wa daga baya. Mutanen garin duk suna ciki. Na ga Don Lupe mahauci, na ga tagwayen gidan Ríos, na ga kakar Chole da tulu a kafaɗa. Duk sun mutu. A gaba kuma, kusa da murhu, wata yarinya mai dogon kitso tana buga tortiya, wainar masararmu, a tafin hannu tana dariya. Sai da na daɗe kafin na yarda Mama ce. Ban taɓa ganin haƙoranta duka a waje ba.

Rosendo ya shigo a kan doki mai rawa, jita a hannu, ya tsaya daidai gabanta, ya buɗe baki. Shiru. Baki na motsi, doki na taka rawa, ba ko tari. Minti huɗu da daƙiƙa goma, kuma duk tsawonsu idonsa na kanta. Yana rufe baki sauti ya dawo ras.

Ovando ya zaro fim ɗin ya sa a ƙarƙashin gilashinsa, ya nuna mini siririn layin da ke gefe, wanda murya ke zama a kai. An kankare shi da reza, an bi da tawada. Tsaf, ba a taɓa hoton ba ko kaɗan.

Na ce danshi ne. Ya ce danshi ba ya bin layi. Na ce to ɓeraye.

Ya ce, "Doña Mela, ɓerayenku sun iya riƙe reza."

Tawadar shuɗiya ce mai duhu. Da ita Baba ke rubuta allon sanarwa na ƙofar sinima.

Alhamis, 22 ga Afrilu

Ovando ya ce hoto dubu shida ne a minti huɗun nan. Ɗaya bayan ɗaya. Haba Baba.

Asabar, 24 ga Afrilu

Waƙar ba ta ko'ina. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, ba a taɓa sa ta a faifai ba, Ovando ya buga waya duk inda ya sani. Magajin gari ya ce abu mai sauƙi, a yanke wurin. Wai mutum dubu biyu da suka wuni suna sha ba za su zauna minti huɗu suna kallon bakin kurma ba, jifa za su fara.

Na ce masa in aka yanke wurin nan, me ya rage na Santa Rita a fim ɗin, ƙofar coci? Na ce uwarsa ma tana ciki, ga ta can a goye a bayan kakarsa. Amma bai sauka ba. A ƙarshe muka tsaya a kan haka: in na kawo waƙar, ta gaske, wadda ta hau bakin mutumin, kafin Alhamis 20 ga Mayu, a bar wurin makaɗa su cike. In ban kawo ba, almakashi.

Na amsa da ƙarfi kamar tana aljihuna. Da suka tafi sai da na zauna.

Talata, 27 ga Afrilu

Na tara duk tsofaffin garin a cikin buhunan masara na nuna musu wurin sau biyar. Kowa ya tuna! Mutum goma sha huɗu, waƙa goma sha huɗu, duk na Rosendo, ba ɗaya da ta dace. Biyu sun kusa dambe da sanduna.

Don Chon mai gyaran takalmi kaɗai bai tanka ba. Zazzaɓi ya ɗauke masa ji tun yana ɗan goma, amma yana karanta baki daga wancan gefen dandali, shi ya sa ba mai gulma yana fuskantar shagonsa. Da aka watse ya miƙo mini kwalin takalmi. Ya rubuta layi biyu a jiki da fensirinsa na aiki. Ya ce da muryar nan tasa mai hawa da sauka, "Ki riƙa tsayar mini da shi a hankali. Mutumin nan yana da baki mai kyau, ba ya tauna magana."

Na kusa sumbatar sanƙonsa.

Litinin, 3 ga Mayu

Kwana shida ni da Don Chon a gaban injin Ovando. Gaba, baya, gaba, baya. Kwalaye sun kai bakwai. Baiti huɗu ne, ga na farko:

Ki bar mini wuta a murhu,
ko rana ta riga ni faɗuwa;
hanya ta san tafiyata,
doki ya san ƙofarki.

Ba laifi. Na ji waɗanda suka fi ta shirme.

A baiti na uku dokin ya juya, Rosendo ya ba mu ƙeya, layi biyu suka ɓace mana. Na ce shi ke nan. Don Chon ya taɓa gilashin da farcensa mai baƙin man takalmi, a kan fuskar Mama. Ashe bi take yi. Daga farko har ƙarshe bakinta na tafiya tare da nasa. Daga bakinta ya karanto layin biyu.

Ban san me zan rubuta a kan wannan ba.

Alhamis, 6 ga Mayu

Kalmomi ba waƙa ba ne. Na kira Don Efraín shugaban makaɗan mariyaci, masu jita da goge da begila, ya duba yatsun Rosendo a kan jita ya ciro mana karin. Ya kalla minti ɗaya ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce yatsun nan wuri guda suke tun da aka fara, mutumin bai iya jita ba ko ta sisi, riƙe ta kawai yake don ado. Shekara hamsin ƙasa guda tana zana shi da jita. Na yi murna, ban ɓoye ba, na ce da Baba na nan da ya ji daɗi.

Amma dokin bai yi ƙarya ba. Efraín ya ce dokin rawa ba ya taka abin da bai ji ba. Ya ƙirga sawunsa a kan tebur: ɗaya mai nauyi, biyu marasa nauyi, sai ɗan jinkiri a ƙarshen kowane layi. Hannun Mama ma da shi yake tafiya a kan tortiyar.

Asabar, 8 ga Mayu

Efraín ya zo da karin da ya haɗa da kansa. Mai daɗi ne, ban ƙi ba. Amma inda Rosendo ya ja baki ya daɗe, nasa ya gajarta, inda ya ɗaga maƙoshi, nasa ya sauka. Ya ce wa zai lura. Na ce ni. Ya ce ashe dai ina son mutumin. Na ce ya ɗauki begilarsa ya fita mini daga gida.

Saura kwana goma sha biyu.

Litinin, 10 ga Mayu

Ranar uwaye. Tun da sassafe makaɗa ke bin ƙofofi, kuma rabin abin da suke yi na Rosendo ne. Na rufe taga.

Ina ta ƙoƙarin tuna ko na taɓa jin Mama tana waƙa a gidan nan. Ko sau ɗaya. Tana shara shiru, tana girki shiru. A coci kaɗai take buɗe baki, cikin mata masu waƙa, can layi na biyu. Ni kuwa kullum ina sama da Baba, ina miƙa masa gwangwani. Na ɗauka ita ce ba ta da magana.

Alhamis, 13 ga Mayu

Bari in bi a hankali.

Yau aka fara addu'ar kwana tara ta waliyya Rita. Ban yi niyyar zuwa ba, Chole ce ta ja ni. Na zauna a baya, raina a ɓace, yatsuna suna ta buga sawun dokin nan a kan gwiwata, don sati guda ke nan sun ƙi bari. Mata suka ɗauko waƙar waliyya, wadda ba a yin ta a ko'ina sai a garin nan, wadda muke ja a hankali kamar masu rakiyar gawa: "Ya Rita mai ƙaya a goshi." Ina ji ina bugawa. Sai na ga in na yi bugu biyu a inda suke yin ɗaya, komai ya zauna. Ɗaya mai nauyi, biyu marasa nauyi. Har ɗan jinkirin ƙarshen layi yana nan. Na sa kalmomin kwalin takalmi a kai, ƙasa-ƙasa. Suka shige kamar ƙafa a tsohon takalminta.

Ban jira an gama ba. Na fita na bi titi da gwiwar nan, na iske Efraín yana cin wake a ƙofar gidansa, na jawo shi har gaban injin. Na ce ya yi waƙar waliyya da sauri. Ya dube ni kamar na taɓu. Ya yi. Inda Rosendo ya ja baki, waƙar ta ja. Inda ya ɗaga maƙoshi, ta hau. Suka rufe baki tare.

Efraín ya cire malafa ya yi alamar gicciye. Ya ce sau nawa ya busa waƙar nan a gaban waliyya, tun yana ɗan sha biyar. Ovando kuwa ya zauna a ƙasa da fararen safar hannunsa yana ta dariya.

Na samo ta! Ni, Hermelinda Quiroz, da ba na ko son mutumin.

Juma'a, 14 ga Mayu

Mutum ɗaya ya rage cikin mata masu waƙa na zamanin Mama: Doña Petra, uwar baftismata da nake kira Madrina, shekara casa'in da ɗaya. Ba ta zo taron tsofaffi ba, ta aiko cewa ba ta zama da yara. Na same ta a tsakar gida tana ɓare wake, taba a baki. Ban gama bayani ba ta fara girgiza don dariya.

Ta ce, "Shekara arba'in da takwas ina jira wani ya kama mu. Garin nan kunnen katako gare shi."

Ga yadda ta ba ni. Kwana uku aka yi ana ɗaukar wurin kasuwar, lasifika na ta maimaita waƙar har kaji suka iya. Da fim ɗin ya zo aka nuna kwana biyu, maza suka fara yi wa Baba ba'a a kan titi, wai ya kula da murhunsa. Rana ta uku fim ya ɓace. Baba ya hana Mama yin waƙar a gida, ya hana ta yi a rafi wurin wanki. Ba ta ce masa komai ba. Bayan shekara guda ita da Petra suka sa mata kalmomin addu'a, suka rage mata gudu, suka kai wa Fada, limamin cocin na lokacin, suka ce tsohuwar waƙa ce ta kakarsu daga kan dutse.

"Uwarki Cuca ta ce, to ya zo ya hana ni a gaban waliyya."

Na ce, "Madrina, Baba ya gane?"

"Tun layin farko. Kunnuwansa suka yi ja kamar barkono. Amma ya zai yi? Kwana tara duk shekara yana tsaye da malafa a ƙirji, matarsa na rera masa ita a fuska, kuma dole ya ce amin. Kin manta Rita ta su wa ce? Ta matan da Allah ya haɗa da miji mai wuya."

Na daɗe kafin na yi tambayar da ta kai ni. Na ce Rosendo fa, da gaske kallonta yake? Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa.

"Mutumin da ba ya ganin kunnen dokinsa? Tabarau gare shi kamar gindin kwalba, sai za a ɗauka yake cirewa. Hayaƙin murhu aka ce ya kalla, shi kaɗai yake iya hangowa."

Mama ta sani, amma ba ta taɓa gaya wa Baba ba. Ta ce wa Petra tunda sai da wani ya kalla ya san akwai abin kallo, a bar shi da zatonsa.

Petra ta ce mutumin kirki ne, ɗan gajere, mai jin kunya in ba injin ɗauka a gabansa. Yakan bi layin abinci da kowa. Ya roƙe su su koya masa buga tortiya, tasa ta faɗi ƙasa, ya ɗauka ya kaɗe ya cinye. Rana ta uku lasifikar ta mutu, aka ce a tashi, ya ce mutanen nan sun bar gonakinsu sun zo. Ya yi ta da bakinsa sau goma sha ɗaya a cikin rana, har muryar ta dushe.

Na dawo gida ban ci abinci ba. Haushin Baba nake ji, kuma tausayinsa nake ji, ban san wanda ya fi ba.

Litinin, 17 ga Mayu

Na je na gaya wa Fada Lauro, don kada ya ji a bakin Chole. Na shirya faɗa. Ya saurara, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya ce waliyyar da ta karɓi waƙa shekara arba'in da takwas ba ta yi ƙorafi ba, shi wane ne. Sharaɗinsa ɗaya, a coci a ci gaba da yi a hankali.

Alhamis, 20 ga Mayu

An gwada a gaban magajin gari. Efraín da mutanensa takwas a bayan injin, idonsu a kan ƙafar doki. Sau ɗaya aka yi. Magajin gari ya fyace hanci ya ce dama shi tun farko bai so a yanke ba. Na ƙyale shi.

Ovando yana cike takardarsa, ya zo wurin da ake rubuta abin da ya lalata sautin. Ya ɗago ya ce, "In sa danshi, Doña?" Na ce ya rubuta gaskiya: Casimiro Quiroz, mai majigi, da reza. Na ce a ƙasa kuma ya sa sunan wadda ta adana waƙar, cikakken sunan Mama, Refugio Medina. Ya ce babu gurbin wannan a takardar. Na ce ya yi masa.

Lahadi, 23 ga Mayu

Jiya.

Aka kafa farin ƙyalle a bangon ofishin magajin gari, rana na faɗuwa aka fara. Mutanen ƙauyuka sun zo a motocin shanu, wasu a kan rufi, wasu a kan itace. Masu kwaikwayon Rosendo sun kai goma, kowa da gashin bakinsa da jitarsa. An kawo Madrina a kujera, Don Chon na gefena cikin rigar da na tabbata ta aurensa ce. Ba wanda ya san sirrin sai mu kaɗan. Chole ma ban gaya mata ba, na koyi hankali.

Gwangwani na bakwai ya zo. Kasuwa ta bayyana, mutane suka fara nuna matattunsu suna kiran suna. Doki ya shigo. Sauti ya ɗauke, Efraín ya yi jinkirin numfashi guda. Sai begila ta tashi, goge ya bi, Efraín ya ɗauko baitin farko.

Layi ɗaya, biyu, dandali tsit. Sai wata tsohuwa a gaba ta ce da ƙarfi, "Ai ta waliyya ce!" Dariya ta tashi daga gaba ta bi har bayan dandali. Kafin a kai baiti na biyu kowa ya kama, don ba wanda bai san karin ba tun yana goye. Rabi na yin kalmomin da muka raba a takarda, rabi na kiran Rita, duk a tare, da gudu, ana tafi. Mutum dubu biyu suna zuba murya a bakin mutum ɗaya, kuma ta zauna daidai. Da ya ɗaga maƙoshi, garin duka ya ɗaga.

Mama kuwa tana can sama, tsawonta ya kai taga ta biyu, tana buga tortiya tana dariya tana waƙarta, ba mai hana ta.

Don Chon ba ya jin komai, amma ya juya ya ba ƙyallen baya yana kallon bakunan mutane, hawaye na bin gemunsa. Madrina ta daki ƙafata da sandarta ta ce in rufe baki ƙuda zai shiga. Aka tilasta wa Ovando ya mayar da wurin baya sau uku. Ƙarshen fim ɗin ba wanda ya kalla.

Mun yi. Ba a yanke ko hoto ɗaya ba.

Talata, 25 ga Mayu

Ovando ya tafi da gwangwanayen, zai aiko mana kwafi. Gidan ya yi faɗi.

Da hantsi na je maƙabarta da tsintsiya, don ciyawa ta yi yawa. Na share kabarin Mama, na share na Baba. Na tsaya a tsakaninsu na ba Baba labarin duka, har da na tabarau, ban rage masa komai ba. Daga nan na yi waƙar, da kalmomin Rosendo, da gudunsa, baiti huɗu cif. Ba don komai ba, don kada baiti na uku ya shige mini ne. Wurin ɗaga maƙoshin nan yana da wuya, ba kowa zai iya ba, balle sau goma sha ɗaya a cikin rana.

Baba bai ce uffan ba. Gobe zan koma, akwai ciyawar da ban gama cirewa ba.